Ku Tambayi Mai Gyara: Tukunyar Ruwan Zafi Mai Shan Gazuwal

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, duk a kan wuta da gazuwal. Ta farko ce za ta ci mana wuri, don abin da ke cikinta ya shafi sauran.

Daga wani Alhaji, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke Faransa ya aiko mini da tukunyar dumama ruwa mai aiki da gazuwal, wadda suke ce wa shodiyer. Ta hannu ce, ta biyo kwantena ta Lome. Gidana mun fi mutum ashirin, ga ɗakunan baƙi huɗu, kuma duk hunturu mata tun asuba suke fama da itace. Maginina ya ce zai binne tiyon man cikin siminti don wuri ya yi kyau, ya kuma ajiye tankin ɗaki ɗaya da tukunyar. Me ka gani?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya sa shi ma nasa su yi masa.

Ban yi mamakin jin irin wannan tukunya ta iso Maraɗi ba. Tun 1 ga Yulin 2022 Faransa ta hana kafa sabuwar tukunya mai ƙona irin wannan mai a gidaje, mutane suna ta cire tsofaffin suna komawa wata hanya, wasunsu kuwa da sauran ƙarfinsu ake cire su. Ka yi dace da ta fito daga can. Man da suke zuba mata, wanda suke rinawa ja don a bambanta shi da na mota saboda haraji, ɗan'uwan gazuwal ne na jini, don haka gazuwal ɗin SORAZ ta Damagaram da muke saye a gidan mai zai yi mata. Wutarsu ma ta zo ɗaya da ta NIGELEC. Da daga Ingila take da sai an sake saita ta, don yawancin nasu kananzir suke sha. Da daga Amurka ce kuwa, wutarsu bolt 120 ce, aiki ya ƙaru.

Sai dai ka sani, su don ɗumama ɗaki suka ƙera ta, tana tura ruwan zafi cikin ƙarafan da ke jikin bango. Mu ruwan wanka kawai muke nema. Saboda haka ka fara dubawa ko tana da nata tankin ruwan wanka a cikinta. In babu, sai an haɗa mata wani daban mai naɗaɗɗen tiyo a ciki, don ruwan da ke zagayawa cikin tukunyar ba shi ake wanka da shi ba.

Ga lissafin mai kuma, kada a ruɗe ka. Lita ɗaya ta gazuwal tana ba da zafi kusan kilowat-awa 10. Ruwa lita 200, tano guda ke nan, in za a ɗaga shi daga digiri 20 zuwa 60, kilowat-awa 9 da ɗoriya yake buƙata. Ka ƙara abin da ke bin hayaƙi, sai ka ce tano ɗaya lita ɗaya da ɗan wani abu yake ci. Ruwan digiri 60 kuwa sai an surka, don haka tanon nan biyu ne in ya shiga bokiti. A nawa ƙiyasin, lita biyu zuwa uku a yini ta ishi gidanka a Disamba da Janairu. Da ka tambaye ni kafin a saya, da na ce a ɗora maka mai aiki da hasken rana a kan rufi, don rana ba ta yi mana rowa ko da hunturu, in ba ranar da hazo ya rufe gari ba. Amma tunda ta zo, a kafa ta yadda ya kamata.

Shawarar magininka kuwa, Alhaji, duka biyun ban yarda da su ba. Bari in gaya maka dalili daga abin da ya same ni.

Shekara goma sha da suka wuce, lokacin ina ganin na ƙware, na ja wa wani gidan burodi a nan cikin gari tiyon gazuwal zuwa tandarsu. Mai wurin ya ce ba ya son ganin tiyo a bango, ni kuma na biye masa. Na kwantar da jan ƙarfe tsirara a ƙasa, har da mahaɗi guda a tsakiya don tiyon bai kai ba, aka zuba siminti a kai. Shekara biyu lafiya lau. A ta uku mai ya fara ƙarewa kafin lokacinsa. Mai wurin ya zargi yaransa da sata, har ya sallami ɗaya, maraya ne da ke riƙe da uwarsa da ƙannensa. Sai da daɓen ya fara baƙi kusa da inda ake kwaɓa fulawa, burodi ya soma ɗaukar wari, sannan aka kira ni. Da muka fasa, ƙasar ƙarƙashi ta sha gazuwal har wajen kamu uku. Danshin siminti ya ci jan ƙarfen daidai mahaɗin, yana ɗiga dare da rana. An nemo yaron an ba shi haƙuri, bai dawo ba. Har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi, don hannuna ne ya ja masa.

Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari: tiyon mai, daga bakin tanki har bakin burler, wato kan da ke hura wutar, dole ido ya gan shi, hannu ya iya shafa shi. Kyan da maginin ke nema maka ana samunsa a fili, in an ja tiyon a miƙe.

Mu fara da tanki. Mai lita 300 zai raka ka hunturu guda, kada ka nemi wanda ya fi haka, don man da ya daɗe a ajiye ruwa da dauɗa yake tarawa. A waje za a ajiye shi, nesa da madafa, nesa da rijiya ko fanfon burtsatse, don gazuwal kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa. A yi masa dakali na siminti da ƙafafun ƙarfe, a kewaye shi da gajeriyar katanga mai shafe ciki da waje, wadda in tankin ya fashe za ta riƙe duk abin da ke cikinsa har da rara. A yi masa rumfar kwano mai buɗaɗɗun gefe, ta tare rana ta kuma hana ruwan sama cika kewayen. A ɗan karkata shi, gindin baya ya fi na gaba sauka da santimita biyu ko uku, a sa toshiya a can, don nan ruwa zai riƙa taruwa kana zubarwa. Bakin da mai zai fita ya ɗaga daga ƙasan tankin da santimita 5 zuwa 10. A sama a sa tiyon shaƙar iska, a lanƙwasa bakinsa ƙasa, a ɗaure masa raga. Ragar nan kada a raina ta. Na taɓa yini ina neman abin da ya hana mai sauka, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa a bakin tiyon. Kada a cika tanki maƙil, a bar kashi ɗaya cikin goma, don zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana kumbura mai. In an zuba sabon mai kuma, a dakata awa biyu kafin a kunna, dauɗar da ta tashi ta kwanta.

Bakin tankin ya ɗan fi pampon burler tsawo, yadda mai zai gangaro da kansa. In an yi haka tiyo ɗaya ya wadatar. Kada wani ya ce a ɗora tanki a kan rufi don mai ya zo da ƙarfi. Pampon ba ya buƙatar haka, kuma ranar da wani wuri ya tsage, duk abin da ke sama a ɗakin zai sauka.

Tiyon kansa jan ƙarfe mai laushi ne, mai faɗin milimita 6 ta ciki, 8 ta waje, in nisan bai wuce mita 10 ba. Mutanenmu suna son babban tiyo, suna ganin ya fi, alhali burler na gida lita biyu zuwa uku kawai yake sha a awa, kuma a babban tiyo man tafiyar hawainiya yake yi, iska ta samu wurin zama. In ba ka samu wannan ba, na masu aikin kilim mai 3/8 zai yi. Su ne ma za ka nema, don suna da abin lanƙwasa tiyo ba tare da ya karye ba, da abin buɗe bakinsa kamar kakaki don a ɗaure da noti. Wannan ɗaurin shi na fi amincewa da shi. A auna nisa da igiya tukuna, a yanko tiyon guda ɗaya, babu mahaɗi a hanya. Mahaɗi a bakin tanki, a bakin robine, a bakin mataci, shi ke nan.

A ja layi a bango da nibo da zaren alli kafin a huda ko'ina. Tiyon ya bi bango a tsawon kamar santimita 30 daga ƙasa, inda tsintsiya da ruwan wanke-wanke da ƙafar akuya ba za su same shi ba, yana ɗan gangarawa zuwa wajen tukunyar, babu tudu babu kwari. A maƙale shi duk rabin mita da maƙali mai roba a ciki. Inda zai ratsa bango, a sa guntun tiyon roba ya bi ta ciki, kada ya taɓa siminti. In dole sai ya ƙetare hanyar wucewa, a yi masa kwata mai murfin da ake ɗagawa, a zura shi cikin roba daga wannan baki zuwa wancan. Kada ya bi kusa da bututun hayaƙi, kada a ɗaure shi tare da wayar wuta.

Abu huɗu ba sa shiga wannan aiki. Tiyon galba, wato farin tiyon ƙarfe na ruwa, don gazuwal yana narkar da farin da ke jikinsa ya kai shi ya toshe jikler, ɗan bakin da ke fesa mai a cikin burler. Tiyon roba na ban ruwa, don yana taurara ya tsage. Lanƙaya da dalma, don ita ce farkon narkewa in wuta ta tashi. Sai farin zaren teflon da muke naɗawa a fanfon ruwa, wanda guntunsa ke shiga pampo ya cije shi. Akwai man shafawa na musamman da ke jure gazuwal, shi ake sa wa zaren noti.

Robine ɗaya a bakin tanki, ɗaya kuma a wajen ƙofar ɗakin tukunyar, a inda ko yarinya za ta iya rufewa ba sai ta shiga ba. A shafa masa jan fenti, a nuna wa kowa a gidan. Daga ciki sai mataci, mai kofin da ake ganin mai ta cikinsa, a bar masa tazarar da hannu zai shiga a kwance shi, a ajiye faranti a ƙarƙashi. Daga matacin sai gajerun tiyo masu lanƙwasuwa zuwa pampo, da ɗan sako-sako yadda za a ciro burler a duba ba tare da an kwance komai ba. Akwai wani robine mai rufe kansa in ya ji zafin gobara. Ka ce yaron ya aiko maka da shi, ya haɗo da jikler uku ko huɗu masu lamba ɗaya da wanda ke jiki, da cikin mataci na canji. In an gama, a goge kowane mahaɗi ya bushe, a shafa masa alli, a bar shi ya kwana. Ko ɗigo ɗaya ne allin zai nuna.

Ɗakin tukunyar nata ne ita kaɗai, ƙofarsa tsakar gida take kallo, ba ta haɗa iska da ɗakin kwana. A bar kafa biyu masu raga a bango, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kada a toshe su da tsumma don ana sanyi. Bututun hayaƙi na ƙarfe ya miƙe ya zarce rufi. Wutar da ba ta samu iska ba tana fitar da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko gurup a ɗaki. Ana sayar da ƙaramar na'ura mai ƙara in ta ji wannan guba, ita ma a sa ta cikin saƙon. Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar abokiyar gabar burler a ƙasarmu. Duk wata a goge fankarsa da ɗan idon da ke kallon wuta. A sa wa tukunyar na'urar daidaita wutar lantarki, a kafa sandar ƙasa ta gaskiya. In NIGELEC ta ɗauke, tukunyar tsayawa take yi, amma cin wutarta bai kai wat 500 ba, batirin sola na gida zai iya da ita.

Ta ɓangaren ruwa a taƙaice: agogon matsi ya tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 in tana sanyi. Tana da robinen tsaro mai buɗewa a bar 3, tankin wanka kuma nasa a bar 7. In ka ga suna ɗiga, a nemi dalili, kada a toshe. A saita ruwan a digiri 60, don ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan a sa abin surkawa kafin ya isa banɗaki saboda yara da tsofaffi.

Daga wani mai koyon gyara, Tasawa: Maigida, barka da aiki. Akwai burler a wani gidan burodi da nake dubawa. Tankin yana cikin rami, ƙasa da tandar. Kullum da asuba ba ya tashi sai na fitar da iska daga pampo, daga nan ya yi aiki har dare. Na duba tiyon kaf ban ga ɗigon mai ba. Masu wurin kuma in ban zo da wuri ba sai su yi ta danna jan maɓallin da ke sake tayar da burler.

Barka kadai, ɗana. Ka kyauta da ka tambaya maimakon ka canza pampo, don da yawa nan suke fara asarar kuɗin mutane.

Ba za ka ga ɗigo ba. Tunda tankin yana ƙasa, pampon tsotsa yake yi, kuma tiyon da ake tsotsa ta cikinsa in ya samu kafa ba ya zubar da mai, iska yake ja. Da dare in aka kashe, iskar ta shiga a hankali, man ya koma tanki, da asuba pampo ya tarar da tiyo wayam. Ka ɗauko bidon ƙarami na gazuwal mai tsabta, ka zura tiyon pampon kai tsaye a ciki, ka bar shi ya kwana. In ya tashi da asuba, pampo lafiyarsa lau, laifin yana hanya. Sai ka bi mahaɗi ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da robar murfin mataci, don sau da yawa ita ce, sannan gajerun tiyon nan masu lanƙwasuwa, waɗanda kan tsage ta ciki alhali wajensu ƙalau. Ka kuma ciro bakin tiyon da ke cikin tanki ka duba ɗan murfin da ke hana mai komawa, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Ka auna zurfin ma. In daga saman man zuwa pampo ya wuce mita uku, kana wahalar da shi, har man ya fara fitar da kumfa da kansa. Maganin irin wannan wuri tiyo biyu ne, ɗaya ya kawo ɗaya ya mayar, ko kuma a sa ƙaramin kofin fitar da iska irin Tigerloop kusa da burler. Amma ka kiyaye: a cikin pampon akwai wani ɗan sukuru da ke raba hanyar. In tiyo biyu ne yana ciki, in ɗaya ne a cire shi. Ka bar shi ciki ka toshe bakin mayarwa, robar pampon za ta fashe nan take, mai ya watsu cikin burler.

Maganar jan maɓalli ita ta fi tayar mini da hankali. Duk dannawa, pampo yana iya fesa mai da ƙarfin bar 10 zuwa 12 na ƴan daƙiƙu kafin idon ya ga babu wuta ya katse. Man nan a cikin tanda yake taruwa. A danna sau shida, sau bakwai, sai ranar da tartsatsi ya kama, ƙofar tandar ta taso wa wanda ke tsaye a gabanta. Ka gaya wa mai wurin da bakinka, ka kuma rubuta a bango: sau ɗaya ake dannawa, in bai tashi ba a kira ka.

Daga wata Hajiya, unguwar Zariya: Malam, gazuwal na bakin hanya ya fi sauƙi. Zan iya zuba shi a injin ɗumama ruwan wurin wankin kai da nake da shi?

Hajiya, ki yi haƙuri, a'a. Ba na cewa duk masu sayarwa a bidon maha'inta ne, da yawa neman halal suke yi, amma su kansu ba su san hannu nawa man ya bi ba. Gazuwal na gaskiya ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya haura digiri 55, shi ya sa ake iya ajiye shi a gida. Isansi kuwa ko cikin sanyin asuba tururinsa a shirye yake. In bidon ɗin jiya isansi ya ɗauka, ko aka haɗa kaɗan, tankinki ya zama abin tsoro a wurin da mata da yara ke zaune. Ga ruwa da ƙasa da ke toshe jikler, wanda kafarsa ba ta kai tsinin allura ba. Ki sayi bidon biyu naki na kanki, ki rubuta musu suna, a riƙa ciko miki daga gidan mai. Ki ajiye bokitin rairayi da tulun kashe gobara mai gari a bakin ƙofa, kada a watsa wa wutar mai ruwa, lambar ƴan kwana-kwana kuma 18 ce.

Daga wani mai karatu, Madarunfa: Malam, tanki ɗaya zai iya shayar da gurup da tukunyar ruwa tare?

Zai iya, Malam, amma kowa da tiyonsa tun daga tanki, da robinensa, da matacinsa. In ka raba tiyo ɗaya gida biyu, wanda ya fi ƙarfin tsotsa zai riƙa jawo iska ta bakin ɗan'uwansa, su yi ta kashe juna. Man da gurup ke mayarwa kuma da zafi yake dawowa, don haka nasa tiyon ya shiga tanki ta sama, a can gefen da ya fi nisa da inda tukunyar ke sha. Ka aiko mini da zanen wurin da awon tsakanin tanki da kowannensu, in gaya maka faɗin tiyon da za ka saya.